Kare Kayan Gida Ko Sakin Kasuwa: Muhawarar Shinkafa a Iyakar Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, daidai inda Kogin Neja, wanda aka fi sani da Kwara, yake shigowa Nijeriya bayan ya raba Jamhuriyar Benin da Jamhuriyar Nijar. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana a yankin Alibori na Benin. Daga Lolo kuwa tafiya kaɗan ce zuwa Madekali, sai Malanville, babbar kasuwar arewacin Benin. Fadamun da ke bakin kogin suna cikin wuraren da suka sa ake lissafa Kebbi a sahun gaba wajen noman shinkafa. Saboda haka tsohuwar tambayar da masana tattalin arziki suka daɗe suna sa-in-sa a kanta, a nan zance ne na bakin kasuwa: shin gwamnati ta toshe wa kayan waje hanya domin na gida su samu kai, ko ta bar kasuwa ta yi halinta? Amsar da aka bayar a Abuja ita ke yanke kuɗin buhun shanshera a Ka'oje, ita ce kuma ke gaya wa mai kamfanin casa ko ya ƙara injin ko ya sallami ma'aikata.

Ciniki ya riga iyakar zuwa. A ƙarni na 19 ayarin fataken goro daga Kano, Sakkwato da Jega kan ƙetare Kwara a wajajen Illo da Gaya, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafiya da kanwa, tufafi da kayan fata, su dawo da goro. Madugu shi ne mai tsara tafiyar, kuma babban aikinsa shi ne lissafin hanya: ina ne ake da ruwa da ciyawa, ina ne 'yan fashi suka yi ƙamari, wane sarki ne ke karɓar garama daidai wa daida, wane ne ya cika tsanani. Sarkin da ya tsawwala kuɗin wucewa, ayarin baɗi sai ya kauce wa garinsa, ya rasa kuɗin shiga, kasuwarsa ta mutu. Iyakar da ake gani yau ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a watan Yunin 1898, wadda ta raba Bargu gida biyu, ta bar Illo a hannun Ingila. Layin ya ratsa ta tsakiyar Dandawa, Busawa, Fulani da Hausawa masu auratayya da juna, masu cin kasuwa ɗaya. Duk wata manufar ciniki da aka ɗora a kan wannan layi, da wannan tarihi take karo.

A fagen ilimi, ra'ayin da ya fara rinjaye a Turai tsakanin ƙarni na 16 da na 18 shi ne cewa arzikin ƙasa yana cikin zinariya da azurfar da ta tara, don haka ta sayar da yawa, ta saya kaɗan. Adam Smith ya ƙalubalanci wannan a littafinsa na 1776 kan arzikin al'ummai, inda ya nuna cewa arziki shi ne abin da jama'a ke iya samarwa da amfani da shi, kuma rarraba aiki da faɗin kasuwa su ne ke haɓaka shi. David Ricardo ya ƙara gaba a 1817. Ya nuna cewa ko da wata ƙasa ta fi maƙwabciyarta iya yin komai, duka biyun za su ci riba idan kowace ta duƙufa kan abin da ta fi sauƙin yi, su yi musaya. Ingila ta karɓi wannan ra'ayi har ta soke dokokin kare hatsinta a 1846. Amma ba kowa ya yarda ba. Alexander Hamilton a Amurka, a rahotonsa na 1791 kan masana'antu, da Friedrich List na Jamus a 1841, sun ce masana'anta sabuwa ba za ta iya gogayya da wadda ta riga ta kafu ba sai an ba ta kariya na wani lokaci. List ya yi zargin cewa Ingila ta yi ƙarfi ne a bayan katangar haraji, sai da ta gama ginuwa ta fara yi wa wasu wa'azin buɗe kasuwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Raul Prebisch na Ajantina ya ba wannan ra'ayi sabon ƙarfi, ya ce ƙasar da ke sayar da ɗanyen kaya tana sayen sarrafaffe za ta dawwama a baya.

Malaman Musulunci ma sun yi magana, wasunsu tun kafin waɗannan. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya bayyana yadda daula kan fara da haraji mai sauƙi tana samun kuɗi da yawa, ta ƙare da haraji mai nauyi tana samun kaɗan, domin mutane sun daina himma. Ya kuma ja kunne game da sarki ya shiga kasuwanci da kansa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa karɓe-karɓen da sarakunan Hausa ke ɗora wa talakawa da 'yan kasuwa cikin abubuwan da ya yi tir da su. Ba a kan harajin shigo da kaya na zamani suka yi magana ba, kuma zai zama ƙari a ce sun goyi bayan wani ɓangare a muhawarar yau. Abin da suka bari shi ne ma'auni: duk karɓar da ke hana mai nema nemansa, a tuhume ta.

Nijeriya ta gwada kusan kowane ra'ayi a cikin waɗannan. Tsare-tsaren raya ƙasa guda huɗu da aka yi daga 1962 zuwa 1985 sun ginu ne a kan burin a riƙa yin abin da ake shigowa da shi a gida. Amma kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa shinkafar waje ta cika kasuwa, noma ya ja baya. An rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. An haramta shigo da shinkafa a 1985, aka ɗage haramcin a 1995. A 2013 harajinta ya kai kashi 110 cikin 100. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa ta cikin kayayyaki 41 da ba za a ba masu shigo da su dala a farashin gwamnati ba. A ranar 17 ga Nuwamban wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. A 2016 hukumar kwastam ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa, sannan a ranar 20 ga Agustan 2019 aka fara rufe iyakokin kansu. Abin lura a nan shi ne, makonni shida kacal kafin haka, Nijeriya da Benin sun sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar Afirka.

Masu goyon bayan kariya suna da hujjoji masu nauyi. Babbar hujjarsu ita ce abin da ke shigowa daga Benin ba kayan Benin ba ne. Tun shekarun 1970 ƙasar ta gina tattalin arzikinta a kan tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tana shigo da kayan da Nijeriya ta hana ko ta tsawwala wa haraji, ta karɓi nata ɗan kuɗin, kayan su sulale gabas. Masana biyu, John Igue da Bio Soule, sun rubuta littafi a 1992 suna siffanta Benin da ƙasar da ta mayar da kanta rumbun ajiyar kaya. Kafin rufe iyaka, ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 12 ba ta shiga sahun manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma yawancinta turararriya ce, irin wadda 'yan Nijeriya suka fi ci. Yarjejeniyar ECOWAS ta sassauta ciniki ta shafi kayan da aka noma ko aka sarrafa a yankin ne, ba shinkafar Asiya da aka sauya wa buhu ba. Don haka, in ji su, Ricardo ba shi da ta cewa a nan, domin ba musayar gwaninta ake yi ba, cin gajiyar bambancin haraji ake yi.

Suna ƙarawa da cewa ita kanta shinkafar Asiya ba ƙarfin kasuwa kaɗai ya sa ta yi araha ba. Indiya tana tallafa wa manomanta da taki, lantarki da farashin da gwamnati ta lamunta. Tailan ta yi shirin sayen shinkafa daga manoma sama da farashin kasuwa tsakanin 2011 da 2014, daga baya ta riƙa sayar da tarin da ta yi da rahusa. Manomin Illo mai injin ban ruwa ɗaya da jarkar fetur ba da manomin Indiya yake gasa ba, da baitulmalin Indiya yake yi. Ga kuma batun tsaro: a 2008 farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuma a 2023 Indiya ta hana fitar da wani nau'in farar shinkafa, ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan turararriya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 da ta jingina cikinta ga jirgin ruwa ta miƙa wuyanta ga shawarar wata gwamnati. Daga ƙarshe suna nuna abin da ido ya gani: noman rani ya bunƙasa a Kebbi, matasa sun koma fadama, an samu shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, kamfanin Labana yana casa a Birnin Kebbi, kamfanin WACOT ya buɗe masana'anta a Argungu a watan Agustan 2017 mai iya sarrafa tan 120,000 a shekara. Da an bar 'yar waje tana kwarara, da wuya wani ya zuba irin wannan jari.

Masu adawa ba su musanta cewa manomi ya ga kuɗi ba. Tambayarsu ita ce: daga aljihun wa? Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kashi 13 da ɗoriya cikin 100 a Agustan 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disamban 2020, watan da aka fara buɗe iyakokin Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Gaskiya ne annobar korona da ambaliyar da ta cinye gonakin Kebbi a 2020 suna da hannu, amma tashin ya fara tun kafin su. Masu cin shinkafa sun ninka masu noma ta, kuma talakan birni da ke kashe mafi yawan abin da ya samu a kan abinci shi ne ya ɗauki nauyin. Har a karkara, ƙaramin manomi kan sayar da amfaninsa da kaka ya koma saye da bazara, don haka tsadar takan dawo masa.

Hujja ta biyu ta fi shafar Bagudo kai tsaye. Rufe iyaka bai bambance shinkafar Tailan da albasar Aliero ba. Masu kai albasa, barkono, kifi, dabbobi da kayan masana'antun Nijeriya zuwa Malanville da Kandi sun tsaya cik, alhali kayansu halal ne a ƙarƙashin kowace doka. A watan Nuwamban 2019 kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manufar ita ce a toshe fasa-ƙwaurin mai, amma a garuruwan bakin iyaka da fetur ake tayar da injin ban ruwa. Ke nan dokar da aka yi domin kare tattalin arziki ta ƙara wa manomin da ake son karewa kuɗin noma. Iyakar Kamba, a Ƙaramar Hukumar Dandi da ke maƙwabtaka, ba ta buɗe ba sai watan Afrilun 2022.

Ta uku ita ce yanayin ƙasar. Iyakar Nijeriya da Benin ta haura kilomita 700, kuma a wannan yanki akwai kogi, tsibirai, daji da hanyoyin babur da ba su ƙirguwa. Muddin buhu ya fi araha a wancan gefe da tazarar da ta wuce kuɗin ɗauko shi, za a ɗauko shi, ko a kwalekwale ko a bayan babur. Rufe ƙofa bai kashe cinikin ba, ya dai ƙara masa tsada da haɗari, ya kuma karkatar da kuɗin da ya kamata ya shiga asusun gwamnati zuwa shingayen kan hanya. Lissafin madugu ne bai sauya ba. Abin da ya faru daga 2023 ya tabbatar da wannan fiye da kowace lacca. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun wannan shekara, ribar fitar da fetur ta ragu, farashinsa ya tashi a bakin titunan Benin. Da aka saki naira ta faɗi a gaban sefa, wadda ke ɗaure da kuɗin Turai na yuro, sai ruwa ya juya: hatsin Nijeriya ya zama mai araha ga mai sefa, har a farkon 2024 jami'ai suka koma tare motocin abinci masu fita. Abin da sojoji da kwastam suka sha wuya a kai, farashi ya yi shi ba da bindiga ba.

Akwai kuma ƙorafi a kan shirin bashin Anchor Borrowers kansa. Babban Banki ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce a farkon 2023 kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Bankin ya ce abin ya haura kashi 50. Ko wanne aka ɗauka, kuɗi mai yawa bai dawo ba, kuma an saba jin wasu na kiran bashin rabonsu na arzikin ƙasa. Dalar shinkafar da aka jera a Abuja a Janairun 2022 ba ta sauko da farashi a kasuwa ba.

Ɓangaren da aka fi mantawa da shi a wannan muhawara shi ne na kamfanoni. Ilimin tsara dabarun kamfani ya kankama ne a Amurka bayan 1960. Alfred Chandler ya nuna a 1962 cewa kamfani kan fara zaɓar inda ya dosa, sannan ya gina tsarinsa a kai. Michael Porter, a 1980, ya ce ribar kamfani ta dogara ga ƙarfin masu sayar masa da kaya, ƙarfin masu saye, barazanar sababbin shiga, kayan da za su iya maye gurbin nasa, da zafin gasa. Idan aka ɗora wannan a kan mai masana'antar casa a Kebbi, sai a ga duk waɗannan ƙofofi gwamnati ce ke riƙe da makullinsu. Ita ke yanke ko 'yar waje za ta shigo, manufofinta kuma ke tasiri a kan kuɗin dala, na taki da na dizal. Masana'anta jari ne na shekara goma ko ashirin, ga kuma ɗawainiyar ba manoma iri da taki bashi domin a samu shanshera. Amma a watan Oktoban 2023 Babban Banki ya janye takunkumin dala a kan shinkafa, a Yulin 2024 kuma gwamnati ta sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da ba a gama gogewa ba. Mai saye ya ɗan samu sauƙi, manoma da masu casa kuwa suka yi ta kukan faɗuwar farashi a daidai lokacin da taki ke tsada.

A irin wannan yanayi, ɗan kasuwa mai hankali yakan gane cewa sanin abin da za a sanar gobe a Abuja ya fi gyaran injin riba. Wannan shi ne mummunan sakamakon kariya maras tsari, kuma ya fi tsadar buhu illa, domin yana sauya abin da kamfanoni ke gasa a kai. Maimakon gasar rage kuɗin sarrafawa da fitar da tsakuwa, sai a koma gasar neman lasisi da rangwame. Koriya ta Kudu, wadda masu kariya ke yawan kafa hujja da ita, ta kare kamfanoninta ne bisa sharaɗi: wanda ya kasa cimma abin da aka gindaya masa na fitar da kaya waje, ya rasa tallafi. Hamilton da List ma kariya ta wani lokaci suka nema. A Nijeriya an ba da kariyar, ba a gindaya sharaɗi ba, ba a kuma sa ranar yaye ba.

Idan aka auna, kowane ɓangare ya yi gaskiya a wani wuri. Masu kariya sun yi daidai da suka ce cinikin Kwatano ba shi ne cinikin da Ricardo ya yaba ba, kuma ƙasa mai girman Nijeriya ba za ta yi wasa da abincinta ba. Amma hujjarsu ta kare noma ce, ba ta kai ta halatta rufe iyaka ba, kuma an daɗe ana cakuɗa abubuwan biyu. Rufe iyaka ya hukunta mai albasa da mai kifi a kan laifin mai shigo da shinkafa, ya ɓata wa maƙwabta rai, bai kuma taɓa tushen matsalar ba, wato tsadar noma a gida. Yawancin manoman fadama har yanzu da fetur suke ban ruwa, abin da hekta ke bayarwa bai kai na manyan ƙasashen Asiya ba, ambaliya tana cin gona, hanyoyin fitar da amfani sun lalace, masana'anta kuma da dizal take aiki. Kowace naira da ta ragu a nan tana rage tazarar da ɗan fasa-ƙwauri ke rayuwa a kanta.

Hukuncin da hujjojin suka fi karkata gare shi shi ne haraji matsakaici, wanda bai kai ya sa ratsa daji ya zama sana'a mai riba ba, a daidaita shi da Benin a ƙarƙashin harajin bai ɗaya na ECOWAS, a rubuta shi cikin doka na shekaru sanannu tare da jadawalin rage shi, yadda manomi da mai masana'anta za su iya lissafi. Tallafi kuma ya koma kan madatsun ruwa, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, ingantaccen iri da hanyoyi, maimakon bashin da ba a bi. Tsamiya da Lolo su kasance ƙofofin da ake rubuta kaya a karɓi kuɗin gwamnati da rasit. Masu kariya sun ci muhawarar a kan manufa, masu sakin kasuwa sun ci ta a kan hanya, kuma rufe iyakar 2019 yana cikin abin da bai kamata a maimaita ba.